Gidan Spencer a tafin hannu: yadda nake buga Resident Evil a Switch Lite

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Daren nan na fara gem ɗin ban tsoro Resident Evil a Switch Lite, ƙaramar na'urar wasa ta hannu ta Nintendo, kuma zan riƙa rubuta inda aka kwana duk lokacin da na ajiye na'urar. Wanda bai taɓa bugawa ba ya sani tun yanzu, zan tona labarin har ƙarshensa.

Na asalin kamfanin Capcom na birnin Osaka a Japan ya fitar da shi a PlayStation a 1996. Wanda ke hannuna shi ne wanda Shinji Mikami ya sake ginawa tun daga tushe don GameCube a 2002, aka goge hotunansa aka sake fitarwa a 2015, ya iso Switch a watan Mayun 2019. A Japan Biohazard suke ce masa. Labarin yana faruwa ne a watan Yulin 1998, a dajin tsaunukan Arklay da ke bayan Raccoon City, wani ƙirƙirarren gari a Amurka. Ana ta tsintar gawarwakin mutane an yayyage su. Aka tura rukunin Bravo na 'yan sandan musamman da ake kira S.T.A.R.S., aka ji su shiru. Rukunin Alpha ya bi sawu, karnuka suka far musu, matuƙin jirginsu ya tashi ya bar su a ƙasa, waɗanda suka sha da ƙyar suka faɗa wani katafaren gida a tsakiyar daji, gidan Spencer.

Kafin a fara, gem ɗin zai tambaye ka wane irin wasa kake so: mai kama da hawan dutse, da yawon daji, ko da ɗan tattaki. Na ce hawan dutse. Na ɗauki Jill Valentine saboda gurbin kayanta takwas ne, na Chris Redfield shida, kuma tana da ɗan ƙarfen buɗe kwado. Sharuɗɗan da na gindaya wa kaina su ne ba leƙa intanet sai tura ta kai bango, iyafis a kunne, da tsohon salon sarrafawa.

Wannan tsohon salon shi mutane suka fi tsana. In ka danna sama, Jill za ta yi gaba ne duk inda fuskarta ke kallo, hagu da dama kuwa juya ta suke yi a tsaye. Amma kyamarar gem ɗin a kafe take, kowane lungu da kusurwarsa, kuma hoton yana sauyawa da zarar ka ƙetare wani wuri. Da tsohon salon, ko hoton ya juye, gaba tana nan a gaba. A nan Lite ta burge ni: maɓallin kibiyoyinta guda ɗaya ne mai siffar giciye, ba 'yan maɓallai huɗu a warwatse irin na babbar Switch ba. Babban yatsa yana zama a kai daram.

Na gwada hoton a tsohon fasalinsa mai kusurwa huɗu, sai ya zama ɗan mitsitsi a tsakiyar sikirin mai inci biyar da rabi, baƙi hagu baƙi dama. Na koma mai faɗi, duk da yana yanke sama da ƙasa. Na tsaya a ɗakin cin abinci, bayan na ga zombin farko ya ɗago kai daga kan gawar Kenneth na rukunin Bravo.

Lahadi, 5 ga Janairu

Rabin lokacina na daren nan a gaban akwati ya tafi. Akwatunan ajiya suna ɗakunan da babu abin da ke shiga, kuma a haɗe suke: abin da ka zuba a na gabas za ka tarar da shi a na yamma. Gurbi takwas kuwa ba komai ba ne. Ƙaramar bindiga ɗaya, harsashinta ɗaya, ganyen magani ɗaya, makulli ɗaya, rabi ya tafi ban ko fita ba. In na tsinci abu a hanya babu gurbi, ba damar yar da wani a ƙasa, sai dai in bar shi in dawo. Dawowar kuma ita ce ke cin harsashi.

Adana wasa ma da kuɗinsa. Sai ka je gaban tafireta, sai kuma kana da ribon ɗin tawada, wanda ake tsinta uku-uku a wurare ƙalilan. Kowace adanawa ribon ɗaya ya tafi.

A nan ne na'urar hannu ta sauya lissafi. Wanda ya buga wannan a talabijin a 2002, in aka kira shi aike, ko dai ya kashe ribon ko ya bar na'ura a kunne. Ni ɗan maɓallin sama kawai nake dannawa, na'urar ta yi barci, Jill ta tsaya cak a tsakiyar baranda har sai na dawo. Da farko na ɗauka hakan zai rage wa gem ɗin kaifi. Sai na ga akasin haka. Yanzu ba na kashe ribon don an kira sallah ko barci ya zo, dalili ɗaya ya rage: tsoron mutuwa. Duk sanda na tsaya gaban tafireta, tambayar kenan, nawa zan iya jure asararsa in aka kashe ni a ɗaki na gaba.

Ci gaban yau: na ciro kan kibiyar zinare na sa a jikin wani kabari a bayan gida, matakala ta buɗe zuwa ƙasa. Akwai akwatin gawa a rataye da sarƙoƙi huɗu, da fuskoki huɗu a bango suna jiran a rufe su. A bayan wani littafi na samu makulli mai tambarin takobi. Na bi barandar gabas mai tagogi ina jiran karnuka su fasa gilashi kamar yadda kowa ya sani a na 1996. Gilashin tsagewa kawai ya yi, ba abin da ya shigo. Mikami ya san waɗanda suka buga tsohon za su zo da shirinsu, sai ya bar su da shirin a hannu. Na kuma ciro doguwar bindiga daga bango, rufin ɗakin waje ya fara saukowa, Barry, abokin aikin Jill, ya fasa ƙofa ya fizgo ni.

Alhamis, 9 ga Janairu

A ɗakin ajiya na ƙarƙashin matakalar gabas na tsinci 'yar gorar kananzir da wata takarda mai bayanin yadda ake yi da gawarwaki. Zombin da ka harbe bai tafi ba. In ba ka fasa masa kai ko ka ƙone shi ba, yana nan kwance inda ya faɗi, bayan wani lokaci ya tashi da jar fata da dogayen farata, yana gudu, yana huci. Crimson Head suke kiransa, ni jan kai nake ce masa. Wannan babu shi a na 1996, kuma a ganina shi ne abu mafi wayo da aka ƙara.

Dubi yadda ya ɗaure mutum. Gorar ba ta ɗaukar fiye da na ƙona gawa biyu. Tankunan da ake ɗura ta 'yan kaɗan ne kuma suna ƙarewa. Jill ba ta zo da laita ba, sai ta nemo a wani ɗan ɗakin karatu a sama, kuma gora da laita gurbi biyu ne cikin takwas. Saboda haka kowane zombi sai an yi masa shari'a. In na bar shi, zai riƙa tare min hanya amma a hankali yake tafiya. In na kashe shi na ɓata harsashi, na kuma ci bashin kananzir. Auna kananzir ɗin nan ya tuna min yadda iyayenmu mata ke tsiyaya shi a fitilar ƙwai, ana duba kwalba a haske kafin a ƙara ɗigo.

Hukuncin da na yanke: barandar matakalar gabas da ta yamma, inda ɗakunan ajiya suke, dole su zama fes, a kashe a ƙone. Sauran wuraren da zan bi jefi-jefi, kaucewa. Ana iya yaudarar zombi ya kawo cafka, ka ja da baya, ka wuce ta gefensa. In ya kama ka kuma akwai 'yan wuƙaƙen kare kai da ake soka masa a ka, su ba sa cin gurbi.

Ban ɓoye ba, ƙona gawar nan tana min wani iri. Mu da aka raina a kan cewa gawa wanka da sutura da rami ake yi mata, ga ni ina tsiyaya mata kananzir ina ƙyasta laita, ina ma jin daɗin cewa na huta da ita. Gem ne, na sani, amma hannuna yakan ɗan tsaya.

Akwai wata ƙofa kusa da matakalar gabas da marikinta ya lalace. An gargaɗe ni, na bi ta wasu lokuta, ya karye. Gajeriyar hanyata ta rufe daga ɓangare ɗaya, dole zagaye ta sama.

Lahadi, 12 ga Janairu

Na gwada bugawa da rana a tsakar gida, bai yiwu ba. Hasken hunturu ya wanke sikirin, fuskata kawai nake gani a ciki. Gidan Spencer duhu ne da hasken kyandir da walƙiya, kuma rabin bayanin da kake buƙata a kunne yake zuwa: jan ƙafa a bayan kwana, nishi, ƙarar farata a kan katako. Kyamarar da gangan take ɓoye abin da ke gabanka, sai ka tsaya a bakin ƙofa ka saurara. Da hayaniyar yara da injin markaɗen maƙwabta ba a jin komai. Na mayar da shi bayan isha'i, cikin bargo.

Juma'a, 17 ga Janairu

Mako mai albarka. Na busa usur ɗin kare a barandar sama, na kashe karen da ya zo, a cikin abin wuyansa akwai wani kwabo da ke rikiɗa ya zama makullin bogi. Da shi na musanya makulli mai tambarin sulke ba tare da tarkon ya niƙe ni ba. Wannan makullin ya buɗe kusan rabin gidan. A wata barandar na tarar da gawar Forest na rukunin Bravo, da bindigar harba gurneti a gefensa.

Na samu Richard na rukunin Bravo a kwance, maciji ya sare shi. Maganin yana ɗakin ajiya na yamma, can ɗaya ƙarshen gidan, kuma lokaci yana tafiya. Abin da ya ba ni mamaki shi ne ban buɗe taswira ba. Ƙafafuna sun riga sun san hanyar: fita, bi ta saman zaure, ratsa saman ɗakin cin abinci, sauka. Na dawo a kan kari. Daga baya shi ya biyo ni ɗakin saman rufi inda macijin yake, Yawn, wanda ya kusa cika ɗakin. Richard ya ture ni macijin ya haɗiye shi, ya bar min bindigarsa mai cin harsashi goma.

Fuskoki huɗun da za a rufe na bangon kabarin da su sun cika: marar idanu a ɗakin shuke-shuke bayan na zuba wa wata ciyawa mai duka guba ta famfon ban ruwa, marar baki a ɗakin gilasai masu launi inda hankaki ke jiran ka yi kuskure, marar hanci a wurin macijin, marar komai a ɗakin mutum-mutumin sulke. Taswirar tana taimakawa: ɗakin da ka bar wani abu a ciki ja ne, wanda ka kwashe tsaf kore.

Abin da ya fi tsaya min a rai ɗan littafin mai kula da dabbobi ne da na karanta a ɗakinsa. Kwanan watan Mayun 1998 ne. Ya fara da ƙorafin caca da abokan aiki, sai ƙaiƙayi a baya, sai ƙurji a ƙafa, sai nama ya fara zubewa. Jimlolin suna gajarcewa, har shafin ƙarshe ya zama kalmomi biyu kacal. Rubutun ƙanana ne a Lite, sai da na kawo na'urar dab da hancina. Ina rufe littafin kabad ɗin bayana ya buɗe.

Lahadi, 19 ga Janairu

Na jera fuskokin, sarƙoƙin suka tsinke ɗaya bayan ɗaya, akwatin ya faɗo, ƙofa ta rufe, wani tsohon jan kai ya tashi. Gurneti ya gama da shi. Abin da ke cikin akwatin ya buɗe min hanyar fita daga gidan zuwa lambu.

Ɗan yayata, wanda ya zo hutun ƙarshen mako, ya lallaɓo ya zauna a kafaɗata. Na ba shi kunne ɗaya na iyafis. Muka bi wata siririyar hanya cikin daji, ana jin kukan wata halitta da ƙarar sarƙa daga nesa, har wata bukkar katako da wuta ke ci a murhu. Na ɗauko abin da na zo nema, ina juyowa aka buge Jill ta faɗi. Da ta farfaɗo ga wata a tsaye, a ranƙwafe, hannuwa a ɗaure cikin katako, ta lulluɓe kanta da fatun fuskokin mutane.

Ya ce, "Kawu, harbe ta mana!"

Na sauke mata harsashin doguwar bindiga, ta faɗi, ta sake tashi.

"Kawu, wannan ba ta mutuwa ne?"

Na ce masa ga alama. Muka zagaye ta muka fita da gudu. Ya cire iyafis ya ce shi fa ƙwallo ya fi so, amma bai tashi daga wurin ba sai da uwarsa ta kira shi. Sunanta Lisa Trevor, kuma babu makamin da ke kashe ta a gem ɗin nan.

Alhamis, 23 ga Janairu

An ɗauke mana wuta kwana da kwanaki, fawa bank ɗin gidan kuma wayoyi suka shanye shi. Na bar na'urar tana barci da ɗan abin da ya rage a batir, Jill tana tsaye a ƙofar gidan ma'aikata, na riga na zuƙe ruwan tafki na wuce macizan da ke faɗowa daga bishiya. Da wuta ta dawo na jona caji, sai ga tambarin farko. Batir ya mutu, barcin ya tafi da komai. Na dawo tafiretar da na yi amfani da ita tun kafin in jera fuskoki. Ribon ɗin da na yi ta tattali kuwa suna nan cikin akwati lafiya lau.

Nintendo sun ce batirin Lite yana kai awa uku zuwa bakwai, ya danganta da gem. Ko barci take yi tana ɗan sha. Wanda ya tsara ribon a Osaka bai san da wannan abokin gabar ba, amma ya shiga lissafi yanzu: in batir ya yi ƙasa kuma babu tabbacin wuta, tafireta zan nufa ko da ban ji tsoron komai ba.

Na zauna maimaitawa ina jin haushi, sai abin ya zo da sauƙin da ban zata ba. Abin da ya ci min dare biyu na gama shi kafin shayina ya huce. Na san inda tsohon jan kai zai tsaya, na san yadda ake juya alamun iskar nan ja da shuɗi don ƙofar daji ta buɗe, na san ba a ɓata wa Lisa harsashi. Na iso wuri ɗaya da harsashi fiye da na karon farko. Jill ba ta ƙara ƙarfi a gem ɗin nan, babu maki, babu matakin girma. Duk abin da ke ƙaruwa a kan mai bugawa yake, kuma batir bai taɓa shi ba.

Na kuma tsaya a maƙabartar hanya na sa alamar iska da na samu a cikin gida, ta ba ni alamu uku, su kuma suka ba ni bindigar magnum mai ƙarfi. Na kai ta akwati na rufe. Ba yanzu ba.

Lahadi, 26 ga Janairu

Gidan ma'aikata na katako ne, ƙarami, kuma bai kai babban gidan daɗi ba. Manyan gizo-gizo a ɗakin shaƙatawa, rina a wani zaure, jijiyoyin wata shuka suna leƙowa ta ramukan daɓe. Na ji Barry yana magana da wani a bayan ƙofar ɗaki mai lamba 002, da na shiga ya ce shi kaɗai yake surutu. A ɗaki 001 wani ya rataye kansa, ya bar wasiƙa da 'yar bindiga mai sauran harsashi ɗaya.

Ƙarƙashin gidan ne ya girgiza ni. Wani zagayayyen wurin gwaji da ruwa ya cika, Jill tana kutsawa ruwa har ƙugu, kifayen shak suna zagaye. Babu kiɗan kirki, sai motsin ruwa a kunnuwa biyu. A ɗakin sarrafawa babban cikinsu, Neptune, ya riƙa dukan gilashi, ƙararrawa tana kuka, ni kuma ina neman wane famfo zan murɗa kafin ya fashe. Tafin hannuna ya jiƙe har na'urar tana santsi. Wannan ma wani abu ne da talabijin ba ta da shi: abin tsoron a cikin hannunka yake, ba ka da inda za ka ja da baya.

Sai lissafi. Don kashe saiwar Plant 42, ƙatuwar shukar da ta mamaye gidan, ana haɗa wani ruwa mai suna V-Jolt, kuma kowane sinadari da lambarsa a rubuce a bango. Ruwa ɗaya ne, ja uku, rawaya shida, ana neman ashirin. Ɗaya da uku huɗu, huɗu da shida goma. Ɗaya da shida bakwai. Goma da bakwai sha bakwai, a ƙara uku. Kwalabe huɗu ake ba ka, kowace gurbi guda, don haka sai da na tuɓe kusan duk makamaina a akwati na tafi hannu rabbana. Na zuba a saiwar, shukar ta yanƙwane, ta sake farfaɗowa ta ɗaga Jill sama, Barry ya shigo da bindigar feshin wuta. A murhun ɗakin na samu makulli mai tambarin kwalkwali.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Na dawo babban gida ina taƙama na san shi ciki da bai. Ina shiga aka nuna min wani abu ta idonsa, yana gudu ta duk hanyar da na biyo, yana buɗe ƙofofi. Hunter. Kore ne, mai ɓawo kamar kada, yana tsalle, kuma in lafiyarka ta yi ƙasa bugu ɗaya zai cire maka kai. Sun cika barandun da na sha wahalar sharewa. Duk kananzir ɗin da na ƙona don in samu hanya mai aminci, ga hanyar ta koma ta wasu. Wani kuma ya gyara marikin ƙofar nan da ya karye, ya bar min harsasai a ɗakin ajiya.

Yanzu tsarin kayana ya sauya: doguwar bindiga da harsashinta, haɗin koren ganye da ja wanda ke cika lafiya gaba ɗaya, makulli, sauran a buɗe. Ƙaramar bindiga ta yi ritaya.

Makullin kwalkwali ya kai ni ga labarin mai gidan. George Trevor ne ya zana shi, magini daga New York, bisa buƙatar Spencer, ɗaya daga waɗanda suka kafa kamfanin Umbrella. A 1967 aka gayyace shi da iyalinsa. Matarsa Jessica da 'yarsa Lisa, mai shekara 14, suka riga shi zuwa, aka yi gwajin ƙwayar cuta a kansu. Shi kuma aka bar shi yana yawo cikin tarkunan da ya zana da hannunsa, yana manta hanyoyinsu, har ya iso wani rami ya tarar da kabari da sunansa a jiki an riga an tanada. Na karanta wannan a tsaye a gaban kabarin. Shekara talatin da ɗaya kenan Lisa tana yawo a wurin nan tana neman uwarta.

Na kashe macijin a ɗakin littattafai. Lambobin ƙarfe masu hoton mikiya da kyarkeci suna hannu.

Talata, 4 ga Fabrairu

Kogunan ƙarƙashin lambu. Nan ne gem ɗin ya fi rauni a ganina: duwatsu masu gangarowa, murɗa wannan, tura wancan, bango duk iri ɗaya, a ƙaramin sikirin ma sai ka rasa ina ne hanya. An harbe Enrico, shugaban Bravo, yana cikin gaya min akwai maci amana. Ƙaton gizo-gizon na wuce shi da gurneti mai wuta. Abu ɗaya da ya biya wahalar shi ne ɗakin Lisa, cike da kyandirori da 'yan tsana, da tsanin da na hau na tsinci kaina a bukkar nan ta daji.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Na cika batir, na cika fawa bank, na zauna da niyyar gamawa.

Ƙarƙashin matakalar zaure akwai ƙofar ƙarfe da na wuce ta tun daren farko. A can ƙasa Barry ya nuna wa Jill bindiga, ta ƙwace, sai ga Lisa. Gem ɗin ya tambaye ni ko zan mayar masa da bindigarsa. Mutumin da ya bar ni a rami, ga shi yanzu ya so harbe ni. Na mayar masa. Yana harbinta ni kuma ina ture duwatsu huɗu zuwa rami, murfin akwatin ya buɗe, ƙasusuwan Jessica ne a ciki. Lisa ta ɗauki ƙoƙon kan, ta kira uwarta, ta faɗa ramin da kanta. Da na hana shi bindigar, a nan zai mutu.

Wurin gwaje-gwajen yana ƙarƙashin wani tafkin ado. Kwamfutar tana neman suna da kalmar sirri, wani ma'aikaci ya rubuta su a wasiƙar da ya bar wa budurwarsa: John da Ada. Faya-fayai uku na tattara don buɗe kurkukun da aka kulle Chris, kuma na'urorin da ke karanta su sun tuna min da GameCube. Dariya ta kama ni, ina riƙe da jikanyarta a hannu.

Wurin da ya fi kowane tsayar min da numfashi babu dodo babba a ciki. An ba ni kwalbar man da ke fashewa in an girgiza ta, aka ce in kai ta ɗakin injin. Ba gudu, ba harbi. Na bi ta da tafiya ɗaya-ɗaya, halittun nan masu kama da ƙuda suna sauka daga silin, yatsana yana ƙaiƙayin danna maɓallin gudu. Na riga na share hanyar kafin in ɗauko, duk da haka sai da na ji wuyana ya sage.

Wesker, shugabanmu, shi ne maci amanar, da iyalin Barry ya yi masa barazana. Ya saki Tyrant, ƙaton dodon da aka ƙera a wurin. A nan magnum ta fito daga akwati, kuma ba ta ba ni kunya ba. Ƙararrawar rushe wurin ta fara, na koma na fito da Chris, muka hau sama, na harba alamar wuta. Tyrant ya fasa daɓe ya fito, ya nufi Barry, na riƙa jan hankalinsa har Brad, matuƙin nan da ya gudu ya bar mu, ya jefo bindigar roka daga jirgi. Mu uku muka shiga jirgin, gidan ya tashi. Ribon ya rage min da yawa, kananzir babu ko ɗigo.

Litinin, 10 ga Fabrairu

An ce wanda ya gama cikin ƙasa da awa uku ana ba shi roka marar ƙarewa. A watan jiya da na ce ƙarya ne, yanzu ina iya zana hanyar a takarda. Akwai kuma wani salo mai suna Real Survival inda akwatunan ba a haɗe suke ba, abin da ka ajiye a gabas sai ka koma gabas. Wannan sai na shirya.

Na fara da Chris. Yana da laita tun farko kuma ya fi jure duka, amma gurbi shida ne, babu bindigar gurneti, babu Barry da zai fasa ƙofa, kuma ƙofofin da Jill ke buɗewa da ɗan ƙarfenta shi sai ya nemo ƙananan makullai, kowannensu da gurbinsa. Bindigarsa ma ta ɓace a daji, da wuƙa ya shiga gidan. Na kai ɗakin ajiya na gabas ɗauke da bindiga, harsashi, makullin takobi, ƙaramin makulli da ganye, ga gorar kananzir a ƙasa, ga ribon, gurbi ɗaya ya rage. Na ajiye ganyen a akwati na ɗauki gorar.